Ranar da Jirgin Ƙasa Ya Jira Babana

Na manta abubuwa da yawa a duniyar nan. Yanzu ma sai in tashi gida da neman hula, jikoki suna ta dariya, ashe tana kaina. Amma akwai wata safiyar Lahadi a tashar jirgin ƙasa ta Bauchi da ba zan manta da ita ba, ko da komai ya zube daga kaina ina jin ita ce za ta rage. Ita ce ranar da aka ɗauki mahaifina zuwa makwancinsa, ni kuwa ina sama cikin ɗakin sigina, ina kallo ta taga, ba ni da ikon saukowa.

Sai na fara gaya muku wane ne Baba, in ba haka ba labarin ba zai yi muku daɗi ba. Bafatake ne na gaske, ya ƙare ƙuruciyarsa a bayan jakuna, yana kai kanwa da tufafi, yana dawowa da goro. Gidanmu na gado yana Ƙofar Ran, amma da girma ya kama shi sai ya ce hayaniyar cikin gari ta ishe shi, ya koma gidan gonarsa a bayan ganuwa. Can kusa akwai tsohuwar maƙabarta inda aka rufe mahaifiyarmu da abokan fataucinsa, kuma ya sha gaya mana nan yake so a sa shi. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kama sunana ba. Da "kai wannan" na girma.

Gab da samun 'yancin kai sai ga mutane da ma'auni da turaku suna zagaya gonaki, aka ce layin dogo ne za a jawo daga wajen Jos. Ba a jima ba sai ga leburori da diga da shebur. Layin nan bai ga wurin bi ba sai tsakanin gidan Baba da maƙabartar, ya datse tsohuwar hanyar jakuna da ya bi tun yana saurayi. Ranar da ake ta murna an ba mu mulkin kai, yara suna yawo da 'yan tutoci, Baba yana zaune a kan buzunsa ya ce, "An ce an ba mu ƙasarmu, ni ga tawa an raba ta biyu." To ku dubi yadda ya ji da na zo na ce masa ni ma na shiga aikin reluwe. Bai hana ni ba, amma daga ranar sunana ya tashi daga "kai wannan" ya koma "Mai Jirgi", kuma ba don yabo yake faɗa ba.

Da leburanci na fara. Da yake na ɗan taɓa makarantar elemantare, sai aka tura ni Kafancan koyon aikin sigina. Ina dawowa jirgi ya fara shigowa Bauchi, aka ajiye ni a ɗakin siginar, wanda mu muke kira kabin. Ɗan ɗaki ne a sama, ana hawa da matakalar katako, tagogi ta kowane gefe don ka ga layin gabas da yamma. A ciki akwai jerin dogayen ƙarafa sun kai ƙirjin mutum, su ne liba. Jajayen na sigina ne, baƙaƙen na juya layi. Kowace liba tana da waya ko sandar ƙarfe da ta bi gefen dogo a kan 'yan ƙananan gargare har inda aikinta yake. In ka ja jar liba, can nesa sai hannun sigina, wani jan katako a kan doguwar sanda, ya sunkuya ƙasa, wato hanya ta buɗe. In yana miƙe kuwa, ko jirgin gwamna ne sai ya tsaya. Ba a kama liba da tsiraicin hannu, gumi yana sa ta tsatsa. Akwai wani ƙyalle da ake riƙewa, kuma wanda ƙyallen nan yake hannunsa shi ne mai kabin a wannan lokaci, ran kowa da ke cikin jirgi yana wuyansa.

Wanda ya koya mini sauran abin da ba a koyarwa a Kafancan shi ne abokin aikina, wani Kirista mutumin wajen Bogoro, tsohon soja. Kofur muke kiransa, har matarsa ma haka take ce masa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ga faɗa, ga saurin dariya. Shi kuma "ɗan birni" yake ce mini, wai hannuna ya yi laushi kamar na mai sayar da turare. Mun yi wani shiri tsakaninmu wanda shugaban tasha, wanda muke kira Masta, ya amince da shi: Juma'a tasa ce, ni in tafi masallaci, Lahadi tawa ce, shi ya tafi coci. Shi ne ya nuna mini yadda ƙarafan suke kulle juna a ƙarƙashin dabe. Akwai ƙofa a mararrabar da hanyar jakuna ta ƙetare layi, dab da kabin. Muddin ba ka rufe ƙofar nan ka tare mutane ba, ko kai Sadauki ne jar liba ba za ta motsa ba. Yakan ce, "Ɗan birni, buɗe hanya shi ke son hujja. Tsayar da jirgi ba ya son komai. In ka ga hanya ba ta yi maka ba, bar hannun a miƙe, babu wanda zai kama ka."

Sau ɗaya tak Baba ya taɓa hawa kabin ɗin nan, shi ma Kofur ne ya yi ta lallashinsa da goro. Ya hau yana haki, ya zauna a kan benci, ya bi libobin da kallo kamar wanda aka kai ɗakin boka. Ana nan ƙararrawar da ke sanar da tahowar jirgi ta buga, na amsa, na rufe ƙofar mararraba, na ja liba. Ya leƙa ya ga hannun sigina ya sunkuya. Ya ce, "Af! Katakon nan ya fi ku ladabi, ya san ya rusuna wa baƙo." Sai ga jirgin kaya. A lokacin akwai wata sandar tagulla da direba ke riƙewa, ita ce shaidar cewa layin nasa ne shi kaɗai, ana rataye ta a zoben gora a miƙa yana tafiya. Na sauka na karɓi tasa, ya fizge tawa, ya wuce fuu. Na dawo sama na tarar da Baba ya saki baki.

"Wannan mutumin ka san shi?"

Na ce, "Na san shi, Baba, kullum muna haɗuwa."

"Kullum kuna haɗuwa, ya fizge abu a hannunka ko sannu babu? Mu da, in ayari ya gamu da ayari, sai an tsaya an tambayi gajiya, an tambayi ruwa a gaba, an tambayi wanda ya mutu. Wannan ba tafiya ba ce, tsere ne." Ya dubi mutanen da ƙofa ta tare da jakunansu a rana, ya girgiza kai. "Ni na san ƙarshen zancen nan. Ranar da aka ɗauko ni a makara ma, Mai Jirgi zai leƙo ta tagar nan ya ce, ku dakata da shi, jirgi na tafe."

Kofur ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi, amma wallahi maganar ta soke ni. Baba ya maimaita ta a gaban baƙi ya fi a ƙirga, duk sanda na makara zuwa suna ko ɗaurin aure sai ya jawo ta. Wasa yake yi, na sani, domin in na juya baya yakan gaya wa mutane cewa jirgi ba ya shiga Bauchi sai ɗansa ya yarda. Ƙanena ne ya tona mini wannan daga baya.

Ranar da abin ya faru cikin bazara ne, zafi tun da safe. Ana gobe abin zai faru, da yamma na je gaishe da Baba, lafiyarsa ƙalau, har yana yi mini faɗa a kan na bar gemuna ya yi buzu-buzu. Da safe na hau kabin, na share, na shafa wa libobi mai. Rana ta ɗan ɗaga sai na hango ƙanena, wanda ke ɗinki a Wunti, ya taho a kan keke ba hula. Tun daga yadda ya yar da keken na san ba lafiya. Ya tsaya a gindin matakala ya ce, "Yaya, Baba ya cika." Wai ya yi sallar asuba, ya sha kunu, ya ce zai ɗan kishingiɗa, shi ke nan.

Na zauna a kan bencin da ya taɓa zama. Da na dawo hayyacina na kira Masta a tarho. Mutumin kudu ne, mai tsananin bin doka amma ba mugu ba. Ya yi mini ta'aziyya da 'yar Hausarsa. Ya ce jirgin fasinja yana hanya daga Jos, ya makara, ba a san sanda zai iso ba, shi kuma dole ya tsaya a dandamali. Ba sai ya ƙarasa ba, na san sauran. Ba a barin kabin ba kowa alhali jirgi yana kan layi, kuma duk tashar nan ba mai iya riƙe ƙyallen sai ni da Kofur. Na ce wa ƙanena, "Hau keke, ka nemo mini Kofur a cocinsu, ko a tsakiyar waƙa yake ka jawo shi."

Abin da ban sani ba, ranar Kofur bai je cocin da ya saba ba, ya raka fastonsu wata 'yar majami'a a bayan gari ta wajen Yalwa. Ƙanena ya yi ta bulayi daga wannan coci zuwa wancan. Ni kuwa ina tsaye a taga, gidan gonar Baba yana gabana ƙuru-ƙuru. Ina ganin mutane suna taruwa, ina ganin masu haƙa sun ƙetare layi da gatari da fartanya sun nufi maƙabarta. Ban taɓa tsanar wuri kamar yadda na tsani ɗakin nan a wannan safiya ba.

Can sai ga Baffa, ƙanen Baba, ya taho da kansa yana dogara sanda. Mutum ne mai zafi, tun farko ma bai so aikin nan nawa ba. Bai hau ba, daga ƙasa ya ɗaga kai.

"An gama wanka, an sa likkafani. Kai ake jira. Sauko."

Na ce, "Baffa, ku ƙara mini ɗan lokaci, an tafi kiran wanda zai karɓe ni. In na sauko yanzu, akwai mutane cike da jirgi a hanya."

Ya ce, "Mun jira iya jira. Dubi ranar nan. Ba za mu ajiye ɗan'uwana a cikin zafin nan saboda ƙarfen Nasara ba." Ya juya, ya ɗan yi taku, ya waiwayo. "Ashe dai ubanka ya san abin da yake faɗa."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta sa ni kuka, kuka irin na yara, ni kaɗai a sama. Ina kallo aka fito da makara, aka ajiye a ƙofar gida, aka yi sahu. Na fuskanci gabas a inda nake, iska tana kawo mini kabbarar liman sama-sama, ina bi. Ko Allah ya karɓa a matsayin salla ko bai karɓa ba, na bar wa malamai. Ana sallamewa ƙararrawa ta buga a bayana, jirgin ya baro tashar da ke gabanmu. Na amsa, domin hannu ya riga ya saba.

Aka ɗauki makara aka kamo tsohuwar hanyar jakuna. Ba su yi nisa ba na hango hayaƙi ya turnuƙe ta yamma. Ga Baba yana tahowa ta nan, ga jirgi yana tahowa ta can, kuma duk mararraba ɗaya suka nufa, a gindin tagata. Abin da aka saba shi ne in rufe ƙofa, in ja jar liba, jirgi ya shige, masu tafiya su jira. Da na yi sauri ma da na samu, domin makarar ba ta iso ba tukuna. Na ɗauki ƙyallen, har na kama abin rufe ƙofar. Sai na ji muryarsa a kunnena tar, da irin dariyar nan tasa: ku dakata da shi, jirgi na tafe. Na saki. Na ce a raina, wallahi Baba, yau dai ba za a faɗa ba. Na bar ƙofa a buɗe, jar liba ta zauna a kulle, hannun sigina yana miƙe.

Jirgin ya rage gudu, ya zo ya tsaya a gaban siginar yana huci. Direba ya fara busa, ya busa, ya ƙara busawa, irin busar da ke nufin wane sakarai ne a kabin yau. Tarho ya yi ƙara, Masta ne. "Me ya faru? Me ya sa ba ka ba shi hanya ba?" Na ce, "Hanya ba ta buɗe ba, ranka ya daɗe. Babana ne zai wuce." Sai ya ce, "To. Bari Baba ya wuce."

Daidai nan makarar ta fito daga bayan dogon yaro, inda mutanen jirgi za su iya ganinta. Busar ta yanke kamar an toshe bakin. Direban, ashe wanda Baba ya ce ba ya gaisuwa ne, na gan shi da idona ya leƙo, ya cire hularsa mai baƙin mai ya riƙe a ƙirji. Fasinjoji suka cika tagogi, na fara jin salati yana tashi daga tarago zuwa tarago. Sai wani dattijo mai rawani ya sauko. Wani ya biyo shi, wani ma ya biyo. Kun san al'adarmu, wanda ya gamu da gawa yakan sa kafaɗa ko taku kaɗan ne. Kafin ka ce me, maza sun zubo daga jirgin nan, Kanawa da Barebari da Fulani, har da waɗansu masu gajeren wando da ba su san yadda ake yi ba amma suka bi sahu. Ba wanda ya san Baba a cikinsu. Suka riƙa karɓar makarar hannu da hannu, suna tambayar waye, ana ce musu wani tsohon bafatake ne.

Ina cikin kallon wannan na ji matakala tana girgiza. Kofur ne, cikin fararen kayan cocinsa, sun jiƙe sharkaf da gumi. Ashe shi ya tuƙo keken, ƙanena yana baya. Bai tsaya yi mini ta'aziyya ba, ya fizge ƙyallen daga hannuna. Na fara yi masa bayani yadda doka ta ce, jirgi ɗaya a waje, ƙofa a buɗe. Ya daka mini tsawa, "Ina da ido! Sauka, ɗan birni, sauka!"

Ban san yadda na sauka ba, takalmina ɗaya ma a matakala na bar shi. Na iso makarar tana hawa kan dogo. Wani baƙo da ke riƙe da gaba ya dube ni, ya ga kakin reluwe, ya ga fuskata, sai ya matsa ba tare da an gaya masa ba. Na sa kafaɗata. Da ni aka ƙetare da Baba layin da ya raba masa gona, jirgi yana tsaye yana jiransa. Baƙin suka raka mu har bakin maƙabarta, suka yi addu'a, suka juya da gudu. Ni da ƙanena muka shiga kabari muka karɓe shi, muka kwantar da shi kusa da mahaifiyarmu. Ina jera itace na ji ƙarar waya tana ja a gefen layi, na san Kofur ya sunkuyar da hannun sigina. Direban ya yi busa ɗaya, gajeriya, a hankali, ba irin ta ɗazu ba.

Muka dawo gida ni da Baffa. Sai da muka zauna a zaure, mutane suna ta shigowa, ya juyo ya dube ni da jajayen idanu. Ya ce, "Da yana gani da ya ce, to, yau dai sun koyi gaisuwa." Muka yi dariya muna hawaye, ni da shi. Da la'asar Kofur ya zo da matarsa, ta ɗauko ƙwaryar tuwo a ka, shi kuma ya riƙo takalmina. Shi ya riƙe kabin shi kaɗai har aka tashi daga zaman makoki. Da manya suka tambayi dalilin tsayuwar jirgi, Masta ya ce musu mutane ne a kan mararraba, kuma gaskiya ya faɗa.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, ba dole ne mutum ya zaɓa tsakanin amanar aiki da haƙƙin iyaye ba. Da na sauko na bar kabin, da na ci amanar mutanen da ke cikin jirgi. Da na rufe ƙofar, da na ci tawa har abada. Wanda ya san aikinsa ciki da bai yakan sami inda dokar kanta ta bar wa mutunci wuri, in kuma Allah ya ba shi abokin aiki irin Kofur, to ya gode masa.

Kofur ya riga mu gidan gaskiya, ni na riƙe masa gaban akwati a Bogoro. Kabin ɗin yana nan har yau, ba mai hawa, matakalar ta ruɓe, libobin sun yi tsatsa tun da ba mai shafa musu mai. Kwanan baya na sa jikana ya kai ni ziyarar kabarin Baba, muka bi ta mararrabar. Na ɗaga kai na ga tsohon hannun siginar, jansa duk ya koɗe, amma yana miƙe. Yaron ya ce, "Kaka, me kake kallo?" Na ce masa, "Rage gudu, ɗan nan. A nan ake tsayawa a gaisa."